Neman kalmar Hausa: me za mu kira "kulonin" ɗin faifan kwamfuta?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu gyaran kwamfuta da malamanmu na harshe. Akwai aikin da ake yi kullum a shagunan Zariya daga PZ har Samaru, amma ba shi da suna da Hausa. Mai gyara ya ce wa mai kaya "sai an yi mata kulonin", wato "cloning" a Turance, mai kaya ya gyaɗa kai alhali bai gane komai ba, ya biya kuɗi zuciyarsa na raya masa an cuce shi. Tsofaffin hannu kuwa "gostin" suke cewa, saboda manhajar Norton Ghost da aka yi yayi, wadda kamfanin Symantec ya daina sayarwa a 2013. Kalmar da nake so mu tsaya a kanta ita ce tagwaitawa. Amma sai an san aikin kafin a raɗa masa suna.

Ku ɗauki kwamfutar da ke jan injin yankan sitika, ko tsohon injin buga takardu, ko wata na'ura a ɗakin gwaje-gwaje. Da yawansu Windows XP suke kai har gobe, duk da cewa Microsoft ya janye hannunsa daga XP tun watan Afrilun 2014. Mai shagon ba ƙin zamani yake yi ba. Manhajar da ke magana da injin nan a kan XP kaɗai take tashi, faifan CD ɗinta ya ɓace tuntuni, wanda ya girka ta ya bar gari, kamfanin da ya yi ta ma wataƙila ya rufe. Duk abincin gidan yana rataye a jikin wani faifai na cikin kwamfutar da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, shekara da shekaru, cikin zafi da ƙurar hunturu da ɗauke-ɗauken wuta. Ranar da ya fara "ƙas, ƙas, ƙas" in an kunna, to ya fara sallama ke nan.

Abin da mai gyara ke yi shi ne ya ɗebo duk abin da ke kan tsohon faifan, gurbi bayan gurbi, ya shimfiɗa a kan sabo daidai yadda yake. Har da gurbin farko mai bayit 512, wanda ba ya fitowa a cikin kowace jaka da ido ke gani, amma a cikinsa umarnin tashin kwamfutar yake, da taswirar yadda aka rarraba faifan. In an gama, a zare tsohon a soka sabon, kwamfutar ta tashi ba ta san an canja mata komai ba: hoton bangon allo yana nan, injin ya amsa, har kalmar sirrin da aka saba.

A nan ne "kwafi" ya gaza, kuma ita ce kalmar da mutane suka fi kawowa. Kwafi ya riga ya sami gida a bakinmu: a kwafi takarda, a kwafi fayil a zuba a filashi. In ka ce wa mai shago za ka kwafar masa faifai, zai ce ai ɗansa ma ya iya. Yaron ya ja jakunkuna ya zuba a sabon faifai, a kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Kalmar da za ta sa mutum ya ɗauka ya tsira alhali bai tsira ba, ba ta dace da wannan aiki ba.

Wani malaminmu daga Kongo ta nan Zariya ya kawo "juyi", ya ce haka magabata ke faɗi in almajiri ya zauna ya juya littafin malaminsa da hannu, harafi bayan harafi. Allah ya gafarta Malam, wallahi kalmar ta shiga raina, don tana ɗauke da amanar da aikin ke buƙata. Abin da ya hana ni bin ta shi ne kunnen mutanen yau. Juya littafi yanzu fassara ake ji. In kuma an ce "juye", to an zazzage ke nan, wurin farko ya koma wayam. Mu kuwa ba ma taɓa tsohon faifan, karanta shi kawai muke yi, ya koma hannun mai shi da kayansa cif.

An kawo "dashe" ma, tunda masana na cewa asalin kalmar Turancin daga Girkanci take, ma'anarta reshen da ake yanka a dasa. Sai dai dashe a wurinmu ciro abu ne daga nan a kai can, ko dashen albasa ko dashen ƙoda. A bar wa dashe aikin zare faifai daga wata kwamfuta a soka a wata, nan ya fi zama daram.

Tagwaitawa kuwa ba ƙirƙirata ba ce. Muna jin ta a labarai duk lokacin da aka ce za a tagwaita hanya, kowa kuma ya gane: abu ɗaya ne zai zama biyu, na farkon yana nan, kowanne a bi shi a kai gari. Tana kuma lanƙwasuwa yadda Hausa ke so. Na tagwaita faifan. Kawo in tagwaita maka. Bai tagwaitu ba, ya riga ya lalace. Kuɗin tagwaitawa daban, kuɗin sabon faifai daban. Kalmar da ba ta shiga irin waɗannan jimloli ba, a takarda za ta tsaya, ba za ta iso kan teburin gyara ba.

Wata yayarmu mai koyar da kimiyya ta ce ai ba duka tagwaye ke kama da juna ba, kuma ba daga jikin ɗaya ake ciro ɗayan ba. Gaskiyarki Yaya. Amma in Bahaushe ya ga abu biyu sun yi kama har ya ce "sai ka ce tagwaye", kamar da ta kai maƙura yake nufi, ita muke nema.

Ga wata riba da na fi so a cikinta. Babban haɗarin aikin nan shi ne a juya akalar, a shimfiɗa sabon faifai, wanda babu komai a cikinsa, a kan tsohon. In haka ta faru, aikin shekaru ya tafi cikin ɗan lokaci. Manhajar tagwaita faifai ta Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan kuma kyauta ce, sai ta tambaye ka har sau biyu kafin ta fara, don ta san girman abin. A kan allo kuwa sunayen faifan biyu harafi ɗaya ne ya raba su, sda da sdb. To tunda tagwaye ne, sai a liƙa salatif ɗin takarda a bayan kowanne, a rubuta Hassan a kan tsohon, Hussaini a kan sabon, a haɗa da girmansa da lambar jikinsa don a gwada da abin da allo ya nuna. Ko yaron da ya zo koyon aiki jiya ya san wa ya riga wa zuwa duniya. Daga Hassan ake ɗiba, a kan Hussaini ake zubawa.

Ƙanina da ya tambaya ko tagwaitawa na gyara kwamfuta: a'a. Abin da ke jikin Hassan shi Hussaini zai ɗauka, in da bairos a ciki da shi zai taho. Sannan Clonezilla na son sabon faifan ya kai girman tsohon ko ya fi shi. In kwamfutar mai faffaɗan kebur ɗin IDE ce, akwai 'yar mahaɗa da ke ba ta damar karɓar faifan SATA ko katin CompactFlash, amma a kula, wasu tsofaffin ba sa ganin abin da ya haura gigabayit 137. Faifan da ya riga ya fara ƙara kuma kada a yi ta kunna shi ana gwadawa. A kai shi ga wanda ya iya ddrescue, manhajar da ke fara kwashe wurare masu lafiya, sannan ta dawo ta lallaɓa masu ciwo. Kuma a jona aikin a inbata ko UPS, don in wuta ta ɗauke a tsakiya mai yiwuwa sai an sake daga farko, faifan da ke jinya kuwa ba lallai ya jure zagaye na biyu ba.

Saura guda ɗaya da nake neman bakinku a kai. Wani lokaci ba a kan sabon faifai ake zubawa ba, dunƙule tsohon ake yi gaba ɗaya ya zama fayil guda a adana, sai ranar buƙata a warware shi. Wasu na cewa "hoton faifai", amma mai kaya na jin hoto sai ya ɗauka na kyamara ne. Ni "ƙunshin faifai" nake cewa a shago. Masu aiki a Sabon Gari da Tudun Wada, ku me kuke ce masa?