Farar wuta ce ko molibdenom? Na rasa gane sakamakon EDS ɗina

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masana ƙarafa. Daga Gusau nake, ina digiri na biyu a kan Inconel 718, gamin nikel ɗin nan da ake ƙera sassan injin jirgin sama da shi.

Na goge samfurina har ya yi ƙyalli kamar madubi, na aika wani ɗakin bincike a kudu aka duba da SEM, na'urar ƙara girman abu mai amfani da hasken elektiron, a kan kilobolt 20. A iyakar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, inda tsagewa ta bi, EDS, wato sashen na'urar da ke tantance sinadarai ta hasken X-ray da suke fitarwa, ta nuna tsini a wajen ƙarfin 2.3 keV, manhajar ta rubuta farar wuta. Har na yi murna, ga mai laifi! Sai malamina ya ce in dakata, layin molibdenom ma a nan yake faɗowa, kuma ƙarfen na ɗauke da kusan kashi 3 cikin ɗari nasa.

Ga wata kuma: hasken elektiron ɗin yana nutsewa cikin ƙarfen kusan maikiron guda (nanomita dubu), alhali abin da ke taruwa a iyakar bai wuce 'yan nanomita ba.

To WDS, wadda ta fi EDS iya bambance layukan da ke kusa da juna, za ta raba mini gardama, ko dole sai TEM, na'urar da ke haska elektiron ta cikin siririn samfuri? Kuɗin hayar na'ura na awa biyu kacal suka rage mini. Don Allah a taimaka.