Neman kalmar Hausa: me za mu kira "arena" ta jami'a?

Mai Fassara: Jama'a, barkanmu da warhaka. Ana son rubuta labarin buɗe Moody Center na Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka, wanda aka buɗe a Afrilun 2022. Ya ci dala miliyan 375, ya maye gurbin Frank Erwin Center da aka buɗe a 1977. Yau ƙwallon kwando, gobe mawaƙa. Turawa na ce wa irinsa arena. "Filin wasa" bai zauna ba. Me za mu ce?

Injiniya: Ranka ya daɗe, a fara sanin abin kafin a raɗa masa suna. Abu uku ne suka haɗa shi: rufi, kujeru da suka zagaye tsakiya hawa-hawa, da daɓen da ake sauyawa. Ainihin ƙasan siminti ne tsirara. Katakon ƙwallon kwando gunduwa-gunduwa yake, sama da 200, kowace da lambarta, ana jera su ana saƙala su da juna har su ba da fili mai tsawon ƙafa 94 da faɗin ƙafa 50. In za a yi kiɗa, a kwance su a ɗora kan amalanke, a tura kujerun ƙasa su shige cikin juna kamar durowa, a kafa dandamali a gefe ɗaya, a rataye fitilu da lasifika a ƙarafan rufi. A Moody ma akwai allunan da ke rufe kujerun sama: da ƙwallo mutum 10,000 da 'yan kai, da kiɗa kusan 15,000. Da an ce "fili", Bahaushe ciyawa da rana zai gani.

Malamin Hausa: To "zauren wasanni" fa? Ko "ɗakin taro", yadda gidajen rediyo ke kiran rufaffen wurin wasanni na Ƙofar Mata a Kano.

Injiniya: Malam, a ɗakin taro kowa gefe ɗaya yake fuskanta. Nan kuwa tsakiya ake kallo ta kowace kusurwa. Bambancin ba na ado ba ne, shi ke jawo matsalar sauti: gini mai zagaye da siminti da ƙarfe yana mayar da amo, mai jawabi ya yi magana ta dawo masa. Sai an liƙa kayan shanye sauti a rufi da bango.

Daga Maraɗi: Mu a Nijar kalmar ba baƙuwa ba ce, da Faransanci arène ake ce wa filin kokawa, inda ake gasar kokawar neman takobi. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta yashi, wanda ake zubawa a tsakiya. Hausa kuwa na da "fage". Fagen dambe, fagen kokawa, 'yan kallo a kewaye. Ina ba da "rufaffen fage".

Koci: "Rufaffe" dai dole ta shiga, don rufin ne ke sa katako ya rayu. Ana son laimar iskar ciki ta tsaya tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin 100. In ta haura, katako ya kumbura ya bankare. In ta yi ƙasa, ya tsuke, gaɓoɓi su buɗe. Gunduwar da ba ta zauna daram ba kuma, ka buga ƙwallo a kanta ta ƙi tasowa. Amma "fage" ni kaina gwabzawa kawai nake ji a cikinta. Ranar yaye ɗalibai fa, wa za a kayar?

Malamin Hausa: Koci ya taɓo inda ke ƙaiƙayi. Kalmar da ke ɗauke da yawan amfani tun asali ita ce "dandali". A dandali ake gaɗa, a nan makaɗa ke sauka, a nan samari ke kokawa, a nan ake shela. Wuri ɗaya, hidima iri-iri, jama'a a da'ira. Ke nan ba sai mun jibga "mai amfani da yawa" a wutsiya ba. Rufaffen dandali.

Daga Maraɗi: Ba za a rikita shi da dandalin sada zumunta ba? Yaran yanzu da sun ji dandali, waya suke lalube.

Malamin Hausa: In ta zo ita kaɗai, mai yiwuwa. A karon farko a rubuta "rufaffen dandalin wasanni da taro", daga nan a gajarta. Fage kuma bai tashi a banza ba: a bar shi ga tsakiyar, inda ake shimfiɗa katako.

Injiniya: Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Kada a kira kowane gini mai rufi haka. Na Jami'ar Syracuse ta Amurka da aka buɗe a 1980, wanda kafin 2024 yake cin kusan mutum 49,000, cikakken filin ƙwallon Amurka ne a ciki, a gefe guda ake shimfiɗa katakon kwando. Wannan rufaffen filin wasa ne. Wanda ba shi da kujerun kallo sosai, sai atisaye, ɗakin wasanni ne.

Mai Fassara: Madalla, na gode. Ga yadda kan labarin zai fita: "Jami'ar Texas ta buɗe rufaffen dandalin wasanni da taro mai cin mutum 15,000."

Koci: Ka ƙara "idan an buɗe kujerun sama" a cikin labarin, kada masu ƙwallo su kama ka da lissafi.