Ta ina zan samo kuɗin jinyar yayana tsohon soja?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Yayana tsohon soja ne. Tun da ya dawo daga fagen daga barci ya ƙaurace masa, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai jikinsa ya ɗau rawa. Likita ya tabbatar PTSD ne, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, ya ce yana buƙatar zama 8 zuwa 12 da ƙwararre, irin jinyar EMDR, wadda ake sa mutum ya tuna abin da ya firgita shi yana motsa idanunsa.

Nan gizo ke saƙar. Inshorarsa ba ta biyan wannan, fanshon kuwa ko cefane ba ya isa. Ofishin tsofaffin sojoji sun ce sai mun kawo shaidar cewa a bakin aiki ciwon ya same shi, alhali yana cikin kaki kunya ta hana shi faɗa wa kowa.

Don Allah wa ya taɓa tsallake wannan? Wace takarda suka karɓa?