Jakar ciki na ɓallewa da dare, fata ta saluɓe

Salam jama'a. Wata 4 kenan da aka cire min babban hanji saboda ulcerative colitis (ciwon kumburi da gyambon babban hanji), aka fito da ƙaramin hanji ta gefen ciki ina manna jakar da kashi ke taruwa a ciki. Kashin jini ya tsaya alhamdulillah, amma barci ya gagara, kusan kullum wajen ƙarfe 3 na dare sai jakar ta ɓalle ta ƙasa, fatar wurin ta yi jawur tana raɗaɗi har tana tsatsar ruwa. Na rage faɗin ramin da nake yankewa a jikin jakar inda hanjin ke shiga, na daina cin abinci bayan magariba, na barbaɗa hoda, duk a banza, hodar ma hana gam ɗin kamawa take yi.

Don Allah yaya ake sa jaka ta manne a fatar da ta riga ta jiƙe?