Wai Setsuko Hara tuba ta yi?

Ɗan Fagge: Jama'a, yau kwana uku da na sa hoton Setsuko Hara, 'yar fim ɗin Japan, a zauren nan, ko tari babu wanda ya yi. Da 'yar fim ɗin Indiya ce da tuni kun cika wuri. To ni dai a ganina ba a yi kamarta ba. A Yokohama aka haife ta a 1920, ta fara fim tana shekara 15, ta yi fim shida da darakta Yasujiro Ozu. Ku nemi Tokyo Monogatari na 1953, ku ga yadda take murmushi a gaban surukinta alhali kuka na cin ta. Bayan fim ɗinta na 1962 ta tuba, ta koma garin Kamakura ta ja ƙofa.

Anti Mai Kwalliya: Ta tuba? Daga me? Ƙanena, fim sata ne ko caca?

Ɗan Fagge: Anti, ba haka nake nufi ba.

Anti Mai Kwalliya: Haka ka rubuta. Mu da muke cin abinci a harkar nan mun san kalmar sarai. Yarinya ta bar fim, sai ku ce ta tuba, kamar daga gidan giya ta fito.

Malam Na Ƙofa: A yi haƙuri. Asalin tuba komawa ce, kuma ta koma ɗin. Ta ajiye sunan fim, ta ci gaba da amsa sunanta na yanka, Masae Aida.

Anti Mai Kwalliya: Malam, da girmanka, Bahaushe ba haka yake jin kalmar ba.

Baffan Yara: Ni tambayata, ta yi aure?

Ɗan Fagge: Ba ta taɓa yi ba, Baffa, har ta mutu a 2015 tana da shekara 95.

Baffan Yara: Ashsha. To wace irin tuba ce babu ɗakin miji?

Mai Shayi: Ozu ne fa. Ya mutu a Disamba 1963, shi ma bai taɓa aure ba, kabarinsa kuma yana Kamakura. Biri ya yi kama da mutum.

Uwar Biyu: A ina ka ji soyayya suka yi?

Mai Shayi: Wani abokina ya gani a YouTube.

Ɗan Boko: In ma akwai abin tuba, sai dai fim ɗin da ta yi da Jamusawa a 1937, zamanin Hitler, da finafinan farfagandar yaƙi da suka biyo baya.

Uwar Biyu: Yarinyar da ko 18 ba ta kai ba? Kai kana 17 me ka sani ban da satar mangwaro?

Ɗan Boko: Hajiya, ba da ke nake ba.

Mai Shayi: Ɗan Boko, ka fara tuba ka biya ni kuɗin shayin wata biyu.

Ɗan Boko: Wata ɗaya ne, kuma rabinsa babu madara.

Ɗan Fagge: Don Allah, akwai wanda ya kalli fim ɗin kuwa?

Mai Zaure: Na rufe maganar. Abin da aka tsayar: Ɗan Fagge ya yi suɓul da baka, Anti ta gyara masa cikin hikima kamar yadda ta saba, kowa kuma ya gamsu. Bayanin Malam bai shafi batun ba. Zancen Ozu ban yarda da shi ba, na Hitler na goge. Duk da haka matar nan ba ta kamo ƙafar Nargis ta fim ɗin Indiya ba.