Littafin girkin tsofaffinmu: mu buga ko mu bar shi a waya?

Maman Hafsa, Aboabo: Salamu alaikum. Shawara nake nema kafin zaman ƙungiyarmu ranar Lahadi. Mu mata 34 ne, akwai sidi 4,000 a asusu. Tun da Inna ta rasu bara ba wanda ya ƙara yin miyar kuka irin tata a gidanmu, har ni da na tashi a gindin murhunta. Shi ne na ce mu bi tsofaffinmu mu rubuta girkinsu, mu buga ɗan littafi. Na tara 22, su tuwon zafi da ayoyo, tubani, wasawasa, fura. Sauran tsofaffin suna Ejura da Salaga da Bawku, sai an yi tattaki. Wanda ya taɓa buga littafi a Kumasi, nawa kwafi 100 ya ci? Kuma da Hausa za mu rubuta ko da Turanci, tunda yaranmu suna jin Hausa amma ba sa iya karanta ta?

Anti Zulai, Tafo: Miyar kuka ai ba wuya. Ki kaɗa kukar bayan kin rage wuta, kar ki rufe tukunya. Allah ya jiƙan Inna.

Abu Alabar: Anti ki buɗe YouTube, ko kwabo ba za ki kashe ba.

Hajiya Mai Waake, Asawase: 'Yata, ki saurare ni kafin ki rubuta ko layi ɗaya. Shekara 19 ina sayar da waake a bakin titi ɗaya. Yadda ake jiƙa karan dafi, da lokacin sa kanwa, da abin da ke cikin shitona, wato soyayyen yajin da ake ci da shi, a wajen uwata na gada, ita kuma a wajen tata a Yendi. Ɗiyar ƙanwar mijina aka kawo min daga ƙauye, na riƙe ta shekara 6, na aurar da ita da kuɗina. Ban ɓoye mata komai ba. Wata 4 da biki ta kafa tebur taku ashirin daga nawa, tana gaya wa mutane wai ni na tsufa, dama ita ce mai girkin. Da ina dafa olonka 12 na shinkafa kullum, yanzu 5 ma sai ya kwana. Wannan fa mutum ɗaya na koya wa. Ke kuma kwafi 100 za ki raba.

Rabi Sawaba: Innalillahi. Hajiya, dangin mijin ba su ce komai ba?

Hajiya Mai Waake, Asawase: Cewa suka yi arziki na Allah ne. Ranar Sallah ko gaisuwa ba ta zo ba.

Ummi Nima: Hajiya ki yi haƙuri, amma ni na ga akasin haka. Gwaggona a Mamobi ta riƙe sirrin furarta har kabari, yanzu 'ya'yanta burkina, wato haɗin gero da nono, suke saye a kwalba.

Malam Awudu, Sabon Zango: A koma kan tambaya. Na buga littafin walimar makarantarmu a Asafo, shafi 40, ba kala, sidi 25 kowane kwafi.

Maman Yasir: Malam, wace shekara? Watan jiya na tambaya a Asafon nan, 60 aka ce min, kuma sai na biya rabi kafin a taɓa inji.

Baaba Issa, Kejetia: Ni miliyan 15 na biya, kwafi 100.

Abu Alabar: Baaba, tun 2007 aka yanke sifili huɗu a kuɗin nan, kai har yau kana zamanin Shugaba Kufuor. Sidi 1,500 yake nufi, kar wata ta suma.

Maman Yasir: To ga 15, ga 25, ga 60. Kuma wanda bai taɓa hura gawayi ba ne zai gaya mana yadda littafin girki yake? Namu sai da hoto mai kala, in ba haka ba wa zai bambanta wasawasa da ƙasa?

Malam Awudu, Sabon Zango: Farashin takarda aka tambaya, ba na daddawa ba.

Fati, Hamburg: Ni zan sayi 10. A yi da Turanci don Allah, yarana ko "sannu" da ƙyar. Nan garin kuka da busasshiyar kuɓewa sai an aiko min daga gida.

Rabi Sawaba: Boga, mazauniyar Turai, ta yi magana. Aiko da Yuro mana, sai a buga har da Jamusanci.

Sadiya, Kano: Ni da aure ya kawo Kumasi ina mamaki. Waaken nan ai shinkafa da wake ne, sunan ma namu ne. In za ku rubuta da Hausa ku nemi mai gyara, don Hausar Zango komai "ne", ba a san "ce" ba.

Hajiya Mai Waake, Asawase: Amarya, zo ki ci nawa da taliya da gari da wele, wato ganda, sannan ki faɗa min ko a Kano an taɓa yin irinsa.

Asma'u Ticha: Maman Hafsa, ni na yi abin da kike shirin yi. Na hau mota har Salaga da littafi da biro, na zauna wajen kakata kwana 9. Na ce daddawa nawa? Ta ce "daidai". Kanwa fa? "Kar ta yi yawa." Da na matsa sai ta ce hannu ne ma'auni. Na dawo Kumasi na bi abin da na rubuta, a kan gas, da daddawar kasuwa, miya ta fito kamar ba danginta ba. Can tukunyar ƙasa ce, da itace, kuma ayoyon a bayan ɗaki ake tsinko shi. Abin da ya amfane ni muryarta ce da na ɗauka a waya. Ta rasu, ina saurare ina kuka ina girki.

Ummi Nima: A daina yi wa ƙauye kwalliya. A Bawku na girma, ni na san dakan gero da asuba da ɗibar ruwa. Yanzu can ma Maggi suke jefawa biyu biyu, yara kuma Indomie. Na gode wa injin niƙa.

Anti Zulai, Tafo: Ni dai da za a ji tawa, 4,000 ɗin a sayi manyan tukwane. Kowane biki haya muke yi.

Maman Yasir: Tukwanen da muka saya wancan karon suna ina? Uku ne. Ɗaya na gani da idona a wani suna a Asokore Mampong, an goge sunan ƙungiya.

Rabi Sawaba: Kuma a bikin da ya wuce mu da muka kwana yankan albasa robar abinci ba nama aka ba mu. Naman a ɗaki aka raba shi.

Maman Hafsa, Aboabo: Jama'a, Lahadi fa jibi ne. Hausa ko Turanci? Malam Awudu, 25 ɗin har da bango?

Anti Zulai, Tafo: Rabi, ba a ɗakina aka raba ba, ki faɗi suna in kin isa. Kuma wadda ta tafi da jar kulata mai hannu ɗaya ta dawo min da ita kafin Lahadi.