Albam ɗin Asa: biyu kawai nake so ku zaɓa min

Rukayya_Nima:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sauraron Asa, mawaƙiyar nan 'yar Najeriya, ku zo ku taimaka min da shawara. Ni dai ta dalilin Amaarae, mawaƙiyarmu ta Gana, na san ta, waƙar nan da suka yi tare, All I Ever Wanted, daga nan na bi albam ɗin V na ji shi daga farko har ƙarshe kuma wallahi ya shige ni, muryar matar nan akwai wani kaushi-kaushi mai daɗi a cikinta da ban taɓa ji a wurin wata ba. Da na duba sai na ga ashe ta daɗe a harkar, daga 2007 zuwa 2022 albam biyar ta yi, ban da waɗanda aka ɗauka a wurin wasa.

Ni ba na son in sauke komai lokaci guda in yi ta tsallake-tsallake, na fi son in zauna da albam ɗaya sati da sati har in haddace shi. To biyu nake so bayan V. Ɗinki nake yi a unguwar Nima a Accra, yawanci a shago nake jin waƙa da ƙaramar sifika, keke na ƙara ga yara masu koyo suna surutu ga hon ɗin trotro daga titi, sai dare in na koma gida nake samun shiru. Wanne da wanne zan ɗauka, kuma dan Allah ku faɗi dalili, kar ku jefo min suna kawai ku wuce.

Baban_Hafsa_Aboabo:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na farkon, na farkon, na farkon. Wanda sunanta ne a kansa, Asa, 2007. In ba ki ji shi ba to ba ki san matar ba tukuna, baƙuwarta kika gani.

Ni a faifan CD na fara jin sa, wani abokina mai zuwa Legas sarin kaya ya kawo mana Kumasi, muka yi ta yawo da shi hannu zuwa hannu har ya kakkarce. Abin da ya sa nake fifita shi, babu abin da aka ɓoye a bayansa. Ita ce, da jitarta, da kiɗa ɗan kaɗan wanda bai danne magana ba. Cobhams Asuquo ne ya haɗa kiɗan, bawan Allah makaho tun haihuwa, kuma za ki ji kunnensa a aikin, ya san inda zai sa goge ya san inda zai janye hannu ya bar ta ita kaɗai. Kamfanin Naïve na Faransa ne ya fitar da shi, ba ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan ba ne, kuma a 2008 ta ci kyautar Prix Constantin a can Faransa da shi.

Amma bar batun kyauta, ki ji abin da take faɗa. Jailer fursuna ne ke yi wa gandiroba magana, yana nuna masa kai ma fa a ɗaure kake. Fire on the Mountain kuwa ɓarna ce tana ci a gaban kowa ba wanda ya damu, yaƙi, cin zarafin yara, kowa ya kau da kai, kuma abin da yake ba ni mamaki har yau shi ne yadda ta ɗora wannan magana mai nauyi a kan kiɗa mai sauƙi da za ki iya bi da feɗuwa. Bibanke ta rabuwa ce, in kina da wani tsohon ciwo a zuci to ki shirya. Eye Adaba da Yarbanci take, addu'ar safiya ce da neman zaman lafiya, ko ba kya jin Yarbanci za ta kwantar miki da hankali, mu nan Zango ai mun tashi da maƙwabta Yarbawa, wata tsohuwa a layinmu ce ta fassara min ita tana murmushi. Sai So Beautiful da ta yi wa mahaifiyarta, wannan kam ba na iya jin ta a cikin mutane tun da Allah ya yi wa tawa rasuwa.

Shawara ɗaya, kar ki sa shi a shago. Ƙarar keke za ta cinye rabinsa. Na dare ne, da abin kunne.

Rukayya_Nima:

Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta, yaya. Na gode sosai, na sa shi a na ɗaya. Saura ɗaya.

Hajiya_Zee:

Amin ya Allah. Malam Baban Hafsa ban ƙi taka ba, na farkon dole ne, amma ni fa ina ganin mutane sun maƙale a wurinsa har sun ƙi ba matar damar girma. Duk wanda aka tambaya sai ya ce Jailer, Fire on the Mountain, shike nan kamar daga 2007 ta ajiye jita. Ni a wurina wanda ya fi kowanne shi ne Bed of Stone na 2014, kuma zan tsaya a kan haka ko ni kaɗai ce.

Dalili na, a na farkon yarinya ce mai kaifin ido tana kallon duniya tana faɗa mana abin da ta gani. A Bed of Stone kuwa duniyar ta riga ta taɓa ta, ba labari take ba mu ba, a jikinta abin yake. Ki ji yadda aka buɗe shi da Dead Again, fushi ne tsagwaronsa na wadda wani na kusa ya ci amanarta, muryar har tana neman tsagewa, ban taɓa jin ta buɗe maƙogwaro haka a baya ba. Kina gama wannan sai Eyo ta shigo, kewar Legas ce daga bakin wadda take zaune a ƙasar sanyi inda ba mai gaishe ka, kuma duk wanda yake da ɗan'uwa a Jamus ko Italiya ko Amurka ya san wannan magana, mu a Mamobi wane gida ne babu wanda ya tafi? Ƙanena da ke waje na tura masa ita, bai ce komai ba sai da daddare ya kira ni muka daɗe muna hirar unguwa, wane ya rasu, wace ta yi aure, mai wake da shinkafar bakin kwata tana nan ko ta daina.

Sannan ita waƙar Bed of Stone ɗin kanta, labarin mace ce mai fafutukar neman na kanta a inda rayuwa ba ta da sauƙi, ke da kike zaune a kan keke tun safe har magariba ba sai an yi miki bayani ba. Moving On ma tana nan, da The One That Never Comes can wajen ƙarshe. Kiɗan ya fi na farkon cika, akwai ganguna da fiyano da goge sosai, don haka zai iya jure hayaniyar shago, amma kar ki fara jin sa a can, ki fara ba shi dare ɗaya ke kaɗai.

In dai biyu ne, Asa da Bed of Stone. Ki ji su a jere za ki ga abin da shekara bakwai suka yi wa mutum ɗaya.

Sadiq_Newtown:

Hajiya da Baba kun yi bayani mai kyau amma kun manta abin da ta ce, a shago take yini fa. Kun ba ta biyu duk na dare, to da rana me za ta ji? Anti Rukayya ki ɗauki Beautiful Imperfection, 2010. Shi ne mai walwala a cikinsu, Be My Man da Why Can't We za su tashi yaranki daga gyangyaɗin azahar, Bimpé da Broda Olé kuma da Yarbanci suke masu tsokana da labarin unguwa, kiɗan na tsalle. Kuma ba wai babu zurfi ba ne, Preacher Man da Questions suna ciki. Benjamin Constant ne furodusan, shi ya sa za ki ji ya bambanta da na Cobhams, ya fi karkata wajen kiɗan turawa na da.

Kuma dan Allah kar wani ya zo ya raina V da kika fara da shi, don na san akwai masu cewa wai ta sayar da kanta ta bi yayin afrobit. Ba haka ba ne. Korona ce ta tsare ta a Legas a 2020, ta zauna a gida ta buɗe ƙofa wa matasa, ta yi aiki da furodusa P.Priime wanda yaro ne ƙarami a lokacin, ta sa Wizkid a IDG, ta sa The Cavemen a Good Times, ta sa tamu Amaarae. Mace da ta shekara fiye da goma tana yin albam ita kaɗai ta zo ta yarda ta koyi sabon abu a hannun na bayanta, ni wannan girma ne a wurina. Waƙa goma ne cif, babu ta cike gurbi.

Baban_Hafsa_Aboabo:

Sadiq ɗana ni ban raina V ba, Good Times ma ina son ta don hailaif ne, kuma hailaif namu ne na Gana tun zamanin su E.T. Mensah, duk inda na ji shi sai na tsaya. Abin da nake cewa kawai, a V kiɗa ne a gaba magana a baya, ni kuma maganarta ce ta fara kama ni. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hajiya kuma maganarki ta Eyo gaskiya ce, ta sa zan koma in sake jin albam ɗin yau. Amma har gobe ina nan a kan bakana, waƙa da waƙa in aka jera, na farkon babu wadda za ki tsallake, a Bed of Stone kuwa daga tsakiya akwai biyu-uku da nake jin sun yi kama da juna.

Hajiya_Zee:

Tsakiyar ce ai wurin numfashi Malam, ba za a yi ta kuka tun daga farko har ƙarshe ba. Kuma ba wanda ya ambaci Lucid na 2019, to Rukayya ki bar shi sai daga baya, yawancinsa soyayya ce da rabuwa, yana da sanyi sosai, sai kin saba da ita zai buɗe miki. The Beginning da Murder in the USA su za ki fara nema in lokacin ya yi.

Rukayya_Nima:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, kun ba ni fiye da abin da na roƙa. Na yanke, na farkon da Bed of Stone zan ɗauka, don Hajiya maganar ƙanenki ta taɓa ni, ni ma yayana yana Italiya kuma ba ya son a tambaye shi yadda yake. Sadiq kar ka ji haushi, Beautiful Imperfection na shago ne in an shiga ɗinkin sallah, lokacin da muke kwana a kan keke muna neman abin da zai hana mu barci. Yaya Baban Hafsa tambaya ɗaya, wanda aka ɗauka a wurin wasanta na Paris a kan waƙoƙin farkon, ya kai a nema ko in tsaya a kan na sitidiyo?

Baban_Hafsa_Aboabo:

Ya kai, Live in Paris, amma sai kin haddace na sitidiyon tukuna, a nan ne za ki gane inda take ja da inda take sauya waƙar a gaban mutane. Ki dawo ki faɗa mana wadda ta fi kama ki, ni ina zargin Bibanke ce.